Tambaya da Amsa: Edward na Shida, Yaron da Ya Ci Sarautar Ingila

Tambaya daga wani ɗalibin tarihi a Samaru: Assalamu alaikum. Da gaske ne Ingila ta taɓa naɗa ɗan shekara 9 sarki? Wa ya riƙe masa ƙasar?

Amsa: Wa alaikumus salam. Gaskiya ne, Edward na Shida ke nan, ɗan Sarki Henry na Takwas. An haife shi ran 12 ga Oktoba 1537 a fadar Hampton Court, ya gaji mahaifinsa a Janairun 1547. A nan Zazzau masu zaɓen sarki ne ke tace manyan da suka fito daga gidajen Mallawa, Barebari, Katsinawa da Sulluɓawa. Can kuwa a wancan zamani ɗan sarki namiji ne magaji ko da yana goye, shi ya sa Edward ya sha gaban yayyensa mata, Mary da Elizabeth. Henry ya bar wasiyyar mutum 16 su riƙe mulki har yaron ya cika 18, amma ba a yi nisa ba kawunsa Edward Seymour, wanda aka yi wa sarautar Somerset, ya tattara ragamar a hannunsa.

Tambaya daga wata malamar firamare a Tudun Wada: Don Allah a fayyace mini irin tarbiyya da karatun da aka ba shi.

Amsa: Malama, abu na farko da za ki riƙe shi ne maraici. Mahaifiyarsa Jane Seymour ta rasu a jego, kwana 12 da haihuwarsa. Henry ya daɗe yana neman ɗa namiji, don haka ya kafa wa yaron tsaro mai tsanani: a riƙa wanke ɗakunansa a kai a kai saboda annoba, a ɗanɗana abincinsa kafin ya ci, kuma ba mai kusantarsa sai da izini. Har ya kai shekara 6 yana hannun mata masu raino, ƙarƙashin Margaret Bryan da farko.

Daga nan aka miƙa shi ga malamai maza, Richard Cox da John Cheke, masanin Girkanci daga jami'ar Cambridge. Da nahawun Latin aka fara, sai gajerun karin magana da tatsuniyoyin Aesop don haddacewa, sannan rubuce-rubucen Cicero, masanin Rumawa, daga baya na Aristotle, masanin Girkawa, cikin Girkanci. Jean Belmain ya koya masa Faransanci. Aikin da ya fi gina shi shi ne rubuta jawabi: a ba shi mas'ala, ya kawo hujjojin goyon baya, ya kawo na suka, ya yanke hukunci. Da yawa daga cikin waɗannan rubuce-rubucen na nan a adane a Landan. Ba shi kaɗai aka zaunar ba. An haɗa shi da 'ya'yan manya don a samu gasa, cikinsu har da amininsa Barnaby Fitzpatrick, ɗan wani basarake daga Ailan. An koya masa kiɗa, hawan doki da harbin baka.

Wannan tsari abin koyi ne ta fuskar ilimi, musamman sa yaro ya kare ra'ayin da ba nasa ba kafin ya yanke hukunci. Inda ya yi rauni shi ne yaron ya tashi ba uwa, uban kuma sai jefi-jefi yake ganinsa. Matar ubansa ta ƙarshe, Catherine Parr, ita ta ja shi a jiki, yana kiranta uwa a wasiƙunsa, amma ita ma ta rasu a 1548.

Tambaya daga wani magidanci a Ƙofar Doka: An ce yaron ba shi da tausayi, har ya bari aka kashe kawunansa biyu. Haka ne?

Amsa: Malam, an kashe su kam, amma a duba yadda abin ya zo. Ƙaramin kawun, Thomas Seymour, ya riƙa ba sarki kuɗi a ɓoye yana zuga shi ya bijire wa babban kawun, Somerset, har aka kama shi a Janairun 1549 bisa zargin yunƙurin kai wa ga sarki cikin dare, aka sare kansa a Maris. Somerset kuma majalisar sarki ta tuɓe shi a Oktoban shekarar, bayan tarzomar talakawa ta ɓarke a sassan ƙasar, John Dudley, ɗaya daga cikin manyan majalisar, ya karɓe iko. An kashe Somerset ran 22 ga Janairu 1552. Abin da ke sa ake ce wa Edward mai busasshiyar zuciya shi ne kundin da yake rubutawa da hannunsa, inda ya ambaci wannan kisa a layi guda: an sare kan Somerset a Tower Hill tsakanin ƙarfe takwas da tara na safe. Sai dai kundin na al'amuran mulki ne, kuma malamansa na iya dubawa. Yaron da ya ga 'yan uwan mahaifiyarsa na cinikinsa a tsakaninsu dole ya koyi ɓoye cikinsa, kuma wannan abin a tausaya masa ne.

Inda taurin kansa ya fito fili shi ne addini. Malamansa sun ɗora shi kan aƙidar Furotesta, wato Kiristocin da suka ɓalle daga cocin Katolika, ya riƙe ta da gaske; tun yana 11 ya soma rubuta maƙala cikin Faransanci yana sukar ikon Fafaroma. A zamaninsa aka fitar da littafin addu'o'in coci cikin Turanci a 1549, aka sake fitar da shi da gyare-gyare a 1552. Ya matsa wa yayarsa Mary, wadda ta girme shi da shekara 21, ta bar ibadar Katolika, ta ƙi. Da ciwon ƙirji ya kwantar da shi a 1553, ya rubuta wasiyya ya cire yayyensa duka biyu daga gado, ya sa wata 'yar uwarsa 'yar Furotesta, Jane Grey. Ya rasu ran 6 ga Yuli a Greenwich yana da shekara 15. Jane kwana 9 ta yi, jama'a suka bi Mary.