In sabunta lasisin PhpStorm, ko in bar kuɗin lefe a inda suke?

Assalamu alaikum Gwaggo. Ni matashi ne a unguwar Zengu a nan Damagaram, sana'ata rubuta manhajojin lissafin kaya da ciniki ga masu kantin magani da wasu 'yan kasuwar Dole. Na taɓa biyan kuɗin shekara guda na PhpStorm, manhajar da nake rubuta aikina a cikinta, bayan wa'adin ya ƙare sai na ci gaba da tsohon samfurin da aka bar mini. Yanzu wani mai kanti ya ba ni aikin da ke buƙatar sabon samfurin PHP, wato yaren rubuta manhaja da nake aiki da shi, tsohuwar manhajar kuma tana ja wa layukan da suke daidai jan layi kamar kuskure ne. Kuɗin da ke hannuna na lefe ne, yayana kuma ya ce sabuntawa almubazzaranci ne tunda akwai na kyauta. Mene ne shawararki?

Wa alaikumus salam ɗana. Yayanka yana da gaskiya, amma ba dukkanta ba. Kamfanin JetBrains, mai PhpStorm, yana barin wanda ya biya wata 12 a jere ya riƙe har abada samfurin da ke akwai ranar da ya fara biya, saboda haka abin da ke hannunka halalinka ne kuma ba zai daina aiki ba. Matsalar ita ce PHP yana fitar da sabon samfuri kusan kowace shekara tun bayan PHP 8.0 na Nuwamba 2020, kuma tsohuwar manhaja ba ta san sababbin ƙa'idojin rubutun ba. Jan layin da kake gani ba ya hana aikinka gudu a kan sabar, wato kwamfutar da ake ɗora shi a kai, sai dai yana ɓoye maka kuskuren gaskiya a cikin na ƙarya, wanda hatsari ne babba ga mai rubuta lissafin kuɗin mutane.

Kafin ka taɓa ko dala, ka duba kwamfutarka. Idan ma'ajiyarta ta wucin gadi, wato RAM, ba ta kai giga 8 ba, sabon samfurin zai yi mata nauyi ya kuma cinye batir da sauri, kai kuwa ka san halin wutar lantarki a lokacin zafi. A wannan yanayi ƙara ma'ajiyar ya fi lasisi amfani. Sannan ka gwada Visual Studio Code na Microsoft, wanda kyauta ne, ka haɗa masa Intelephense, wani ƙari da ke sa shi gane PHP, ka yi mako guda kana wannan aikin a kansa. Da yawa suna cin abinci da shi, ko da yake wajen sauya sunan abu a cikin fayiloli masu yawa da bin diddigin kuskure, ni a ganina PhpStorm ya fi sauƙin hannu.

Idan ka ga ba ka iya rabuwa da shi, ka biya na wata-wata iya tsawon aikin, ka kuma sa kuɗin a cikin farashin da za ka faɗa wa mai kantin. Idan a yuro aka yanka maka, lissafin ba wuya, domin yuro ɗaya kusan sefa 656 ne kuma ba ya motsi, amma ka tambayi bankinka abin da zai cire na katin Visa. Kuɗin lefe kam kada ka taɓa su sai mai kantin ya ba ka kafin alƙalami.