Cacar dala biliyan biyu: daga ina kuɗin ke taruwa?

Tambaya: Malam, a ofishinmu da ke Garki ana ta zancen cacar Amurka da aka ce mutum ɗaya ya ci sama da dala biliyan biyu, har abokan aiki sun ce mu yi karo-karo, wani ya saya mana tikiti ta intanet. Yaya kuɗi ke taruwa haka, kuma sayen tikiti da yawa yana kusantar da mutum ga ci? Daga wani mai karatu, Kubwa.

Amsa: Labarin gaskiya ne. A watan Nuwamba na 2022 wani tikitin Powerball, wato cacar da kuke zance, da aka sayar a jihar Kalifoniya ya ci dala biliyan 2.04. Tikitin dala 2 ne, mai saye yana zaɓar lambobi biyar daga 1 zuwa 69, da wata guda daga 1 zuwa 26, ana kuma fitar da lambobi ranakun Litinin, Laraba da Asabar. Duk ranar da ba a samu wanda lambobinsa shida suka dace ba, sai a tura kuɗin gaba a haɗa da sabon ciniki, kuma gwargwadon girman adadin, gwargwadon yadda jama'a ke cika layi. A wancan karon sai da aka yi wata uku babu wanda ya ci.

Wannan jinkiri ba tsautsayi ba ne. A 2015 masu shirya cacar suka ƙara lambobin daga 59 zuwa 69, damar cin babbar kyautar ta koma ɗaya cikin 292,201,338, alhali a da ɗaya ce cikin kusan miliyan 175, domin sun san babban adadi shi ke sayar da tikiti. Don ka ga nisan abin, a rubuta sunan kowane ɗan Najeriya a takarda, a zuba a buhu, a ce ka zaro naka ido rufe. Wannan ma ya fi sauƙi. Wanda ke sayen tikiti ɗaya a kowace fitarwa zai buƙaci fiye da shekara miliyan 1.8 kafin ya sayi adadin da ya kai yawan haɗe-haɗen lambobin. Ranar haihuwa, mafarki ko lambar da aka ce ta daɗe ba ta fito ba, babu wanda ke canza wannan lissafi, tunda ƙwallayen da ake fitar da lambobin da su ba sa tuna abin da ya fito jiya.

Karo-karo yana ƙara dama, amma ba yadda abokan aikinka ke zato ba. Idan ku hamsin kuka sayi tikiti hamsin, damarku ta zama ɗaya cikin kusan miliyan 5.8, kuma abin da aka ci kashi hamsin za a raba shi. Adadin da ake yayatawa ma ba shi ke shiga hannu ba, domin jimlar biya 30 ce a cikin shekara 29. Wanda ya ci a 2022 ya zaɓi karɓa a dunƙule, dala miliyan 997.6, kafin a cire harajin tarayya.

Inda na fi jin tsoro shi ne batun mai saya muku. Galibi tikitin takarda ce da ake saye a shagunan da ke da lasisi a can, kuma wanda ke riƙe da ita ne ke da bakin magana. Hoton tikiti a WhatsApp ba hujja ba ce, kuma ta wannan ƙofa 'yan damfara ke shigowa, su ce an ci amma sai an biya kuɗin fito. Babu wata hukumar kula da caca ta Najeriya da ke da iko a kan cacar Amurka, balle ta karɓo muku haƙƙinku.

Hukuncin addini fagen malamai ne, ni lissafi na karanta, sai dai aya ta 90 ta Suratul Ma'ida ta ambaci caca tare da giya cikin abubuwan da aka umarci muminai su nisanta, kuma ya kamata Musulmin cikinku su san haka kafin a fara zagayawa da takardar karo-karon.