Ɗana yana cikin aji, amma ba ya cikin yara

Tambaya: Anti, ɗana shekararsa 8, likita ya ce yana da lalurar galahanga, wato autism, mai wahalar da yaro wajen cuɗanya da mutane. Malamarsa na yaba karatunsa. Sai dai ran nan na je makarantar an fita tara, yara na ta guje-guje, shi kuwa yana tsugune jikin katanga yana jera marafan biro. Da na tambaye shi sunan abokinsa, sunan malamar ya kira mini. Tun ranar zuciyata ba ta kwanta ba. In mayar da shi makarantar masu buƙata ta musamman ne?
Daga wata uwa

Amsa: 'Yar'uwa, sannu da ƙoƙari. Kada ki yi saurin cire shi. A shekarar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta kusan yaro 1 cikin 100 na da wannan lalura, kuma sashe na 24 na yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2006 kan haƙƙin masu nakasa ya ba shi damar karatu tare da sauran yara. Amma takarda kujera kawai take samar masa, aboki kuwa sai an yi masa hanya.

Fara gano ko kaɗaicin na damunsa. Wasu yaran hayaniya ce ke gajiyar da su, gefen katangar nan wurin hutunsu ne. In kin ga yana leƙen masu wasa, ya matso ya koma, to yana so ne, hanyar shiga ce bai sani ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne sunan malamar. Allah ya saka mata, amma babba in ya manne wa yaro, sauran yara baya suke ja. Ki roƙe ta ta ɗan ja jiki, ta zaɓo yaro ɗaya mai haƙuri, ta ba su aiki tare, kamar raba littattafai. Ɗaya na ce, ba aji guda ba. Shi mai son jera kaya ai ya fi kowa iya wannan. Ku shawarta kuma ko za ta yi wa 'yan ajin bayani a sauƙaƙe: rashin kallon ido ba raini ba ne, toshe kunne ba fushi ba ne.

Ki ba abin zango guda. In kuwa duka ko tsangwama ta shigo, ko ya fara kukan zuwa makaranta, kada ki jira, ki nemi shugaban makarantar a ranar.