Kayenka ya ce riba 40 cikin 100, amma da wace tiya?

Wani mai sayar da hatsi a Kasuwar Dole ta Damagaram, a Nijar, ya rubuto mini. Kayensa, wato littafin lissafinsa, na shekara 3 ya nuna geron da ya saya da kaka ya sayar da bazara yana ba shi ribar 40 cikin 100, don haka zai ci bashi ya tara buhu 300 bana.

Alhaji, kada ka ci bashin nan. Rubutu kana yi, madalla, sai dai abin da ka rubuta ba a auna shi da awo ɗaya ba. Yaronka yana saye a ƙauyukan Mirriya da tiya cike har tana zuba, kai kuma kana sayarwa a rumfa da tiya a shafe, kuma duka biyun "tiya" ka sa a kaye. In ƙarin ya kai kashi ɗaya cikin 10, tiya 40 ta buhu ta zama 44 a hannunka. Ke nan wajen sulusin ribar daga bakin kwano ta fito, ba daga bazara ba. Buhu 300 kuwa a hannun dillalai za ka saya, a ɗinke, ka sayar a sari. Ina ƙarin zai fito?

Kuskuren awo da ke faɗawa yau sama gobe ƙasa yana cinye kansa in ciniki ya yi yawa. Wanda kullum gefe ɗaya yake karkata, ko shekara 20 ka rubuta yana nan daram. Na san wani mai wake da ya yi irin lissafinka, sai da ya sayar da filinsa ya biya bashi.

Kuskure na biyu, ka ɗora tashin farashi duka a kan bazara. A cikin shekarun nan an rufe iyaka da Najeriya bayan juyin mulkin Yulin 2023, ba a buɗe ba sai Maris 2024, naira kuma ta faɗi warwas. Ga OPVN, hukumar gwamnati mai ajiyar abinci, da ke fito da hatsi mai rahusa lokacin da rumbuna suka ƙare. Kayenka bai san da ko ɗaya ba.

Sayi sikeli. Bana ka tsaya a buhu 30 da kuɗinka, ka auna kowanne da kilo ranar shiga da ranar fita, ka rubuta kuɗin mota, hayar sito da canjin naira na ranar. Ka kawo mini kayen bayan damina mu duba tare.