Tambaya da Amsa: Warware Saƙonnin Imel Daga Fayil ɗin mbox

Wasiƙun wannan makon sun taru a kan abu ɗaya, wato yadda mai rubuta manhaja zai buɗe fayil ɗin akwatin imel ya fitar da saƙonnin da ke ciki lafiya lau. Misalanmu da harshen Python ne, tunda da shi masu tambayar suke aiki.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ƙungiyarmu ta ɗora mini aikin tattara tsofaffin saƙonninta na Gmail a jadawali ɗaya, da sunan mai aikowa da rana da take. Na sauke su ta Google Takeout, suka zo a fayil guda na mbox mai gigabayit 6. Na rubuta ɗan shiri da ke yanka fayil ɗin duk inda ya ga kalmar From. Saƙonninmu ba su wuce 4,000 ba, amma ya ba ni fiye da 9,000, wasu ba kai, wasu ba gindi. Ga shi kwamfutar sai ta sandare. Ina na kuskure? Daga wani mai karatu a Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Wuƙar taka ce take yanka a inda ba gaɓa. A cikin mbox saƙonni suna jere ne ɗaya bayan ɗaya, kuma abin da ke raba su layi ne da ya fara da haruffa huɗu na From, sai sarari guda. Bayan sararin akan sa adireshi da ranar da saƙon ya shiga. To amma kowane saƙo yana da wani layin a kansa mai From da ɗigo biyu, wanda ke ɗauke da sunan mai aikowa. Shirinka bai bambanta su ba, shi ya sa ya raba kowane saƙo biyu. Ragowar da ya haura 8,000 kuwa daga saƙonnin da aka tura gaba ne, domin suna ɗauke da kan tsohon saƙo a cikin gangar jikinsu.

Ko ka gyara wannan, akwai sauran rina a kaba. Me zai faru idan wani ya rubuta wasiƙa da Turanci, layinsa ya fara da From da sarari? Tsarin mbox tsoho ne, tun zamanin Unix na shekarun 1970, kuma sai 2005 aka yi masa rubutaccen bayani a takardar ƙa'idojin intanet mai lamba RFC 4155. Kafin nan kowa ya riga ya ƙirƙiro tasa dabarar. Nau'in mboxo yana sa alamar > a gaban irin wannan layin, amma mai karantawa ba zai san ko marubucin ne ya sa alamar da kansa ba. Nau'in mboxrd ya toshe wannan ɓarakar: ko layin yana da > tun asali sai a ƙara masa wata, wajen karantawa a cire guda ɗaya tak. Nau'in mboxcl da mboxcl2 kuma suna rubuta tsawon gangar saƙo a layin Content-Length, wanda da zarar an taɓa harafi ɗaya a fayil ɗin lissafin ya rushe.

Shi ma kan saƙo yana da nasa tarkon. Ƙa'idar RFC 5322 ta 2008, wadda ta samo tushe daga RFC 822 ta 1982, ta hana layi wuce haruffa 998, ta kuma fi son kada ya wuce 78. Don haka dogon take sai a naɗe shi:

    Subject: Sanarwar taron shekara-shekara
     na malaman makarantar Islamiyya

Layi na biyu ya fara da sarari, alamar cewa ci gaban na sama ne. Mai karanta layi-layi da hannu zai kwashi rabin take ya bar rabi. Kan saƙo yana ƙarewa a layi na farko da babu komai a cikinsa, duk abin da ya biyo baya gangar saƙo ce, ko da ya yi kama da kai.

Shawararmu ita ce ka ajiye wuƙar, ka bar wa laburaren da Python ya zo da shi aikin:

    import mailbox
    from email import policy
    from email.parser import BytesParser

    karanta = BytesParser(policy=policy.default).parse
    akwati = mailbox.mbox("kwafi.mbox", factory=karanta, create=False)
    for sako in akwati:
        print(sako["Date"], sako["From"], sako["Subject"])

Wannan zai bi fayil ɗin sau ɗaya ya rubuta inda kowane saƙo ya fara da inda ya ƙare, sannan ya riƙa ɗauko su ɗaya-ɗaya. Sandarewar da kake gani daga loda gigabayit 6 gaba ɗaya cikin RAM take. Kada ka manta da create=False, domin in ka kuskure sunan fayil ba tare da shi ba, Python zai ƙirƙiri sabo fanko, ya ce maka babu saƙo ko ɗaya. Ka yi aiki a kan kwafi, ka ɓoye na asali. Ka kuma sani Python ba ya cire alamar > da aka sa a gaban From, sai ka cire da kanka in kana son rubutun ya koma yadda yake. Wajen raba adireshi ka yi amfani da getaddresses na email.utils, saboda suna irin "Sakatare, Reshen Fagge" yana da waƙafi a cikinsa, kuma yanka a kan waƙafi zai mayar da mutum ɗaya biyu. Alamomin da kuka sa wa saƙonni a Gmail suna nan a layin X-Gmail-Labels.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ina tattara wasiƙun Hausa don binciken digirina. Haruffanmu masu lanƙwasa duk sun lalace: ƙasa ta koma Æ™asa, ɗan ya koma É—an, wasu take kuma sun fito da alamomin tambaya da na daidai barkatai. Shin wasiƙun sun lalace ke nan har abada? Daga wata ɗaliba a Zariya.

Amsa: Barka kadai, Malama. Ki kwantar da hankalinki, yawancinsu suna nan garau a cikin fayil ɗin, wajen karantawa ne aka sa musu tabarau da ba nasu ba.

An gina imel ne a kan haruffan ASCII guda 128, waɗanda babu ƙ ko ɗ ko ɓ a cikinsu. A tsarin UTF-8 kowane ɗaya daga cikin haruffan nan bayit biyu yake ci: ƙ shi ne C6 99, ɗ shi ne C9 97, ɓ shi ne C9 93, ƴ da ake rubutawa a Nijar kuma C6 B4. Idan shiri ya karanta waɗannan bayit ɗin da tsarin Windows-1252, sai ya ɗauki kowane bayit harafi ne mai zaman kansa. C6 ya zama Æ, 99 ya zama ™. Asalin Æ™asa ɗinki ke nan.

Take mai alamomin tambaya kuwa lafiyarsa ƙalau, a ƙunshe yake kawai bisa ƙa'idar RFC 2047 ta 1996. Ga misali:

    Subject: =?UTF-8?Q?=C6=98arin_bayani?=

Tsakanin alamomin tambayar akwai abubuwa uku: tsarin haruffa, hanyar ƙunshewa, sai rubutun. Q na nufin an rubuta bayit da alamar daidai a gabansa, layin ƙasa kuma yana madadin sarari. Idan B ce a wurin, to Base64 ne. Wannan take dai "Ƙarin bayani" yake cewa. Da policy.default, kamar yadda muka nuna a sama, Python zai kwance shi da kansa.

A gangar saƙo ƙulli biyu ne, kuma dole a kwance su bi da bi. Na waje shi ne wanda layin Content-Transfer-Encoding ya ambata, ko quoted-printable ko base64. Kwance shi yana ba da bayit zalla. Na ciki shi ne charset da ke layin Content-Type, da shi ake mayar da bayit haruffa. Kowane saƙo da nasa, har kowane sashe na saƙo. A akwati ɗaya za ki iya tarar da Hausa a UTF-8, tsohuwar wasiƙar Faransanci daga Maradi a ISO-8859-1, da ta Larabci a Windows-1256. Wannan ne dalilin da ya sa buɗe mbox gaba ɗaya da tsarin haruffa guda kuskure ne tun daga tushe. A buɗe shi a matsayin bayit, a bar mayarwa zuwa haruffa ta zama matakin ƙarshe.

Idan kin riga kin adana gurɓataccen rubutu kuma babu na asali, gwada wannan:

    rubutu.encode("cp1252").decode("utf-8")

Zai dawo da ƙ da ɗ da ɓ. Inda zai cije shi ne babban Ɓ, domin bayit ɗinsa C6 81 ne, kuma 81 ba shi da harafi a Windows-1252, sau da yawa ya riga ya salwanta. Laburaren ftfy yana taimakawa a irin wannan. Amma wanda manhajar mai aikowa ta maye gurbinsa da alamar tambaya tun kafin ya taso, babu shirin da zai dawo da shi, sai idon mai jin Hausa ya duba jimla ya gane ko ƙ ce ko ɗ.

Abu ɗaya da zai shafi bincikenki kai tsaye: wayoyi da manhajojin rubutu sukan mayar da miƙaƙƙen waƙafin sama lanƙwasasshe. A ido 'yan da ’yan ɗaya ne, a wurin kwamfuta kalmomi biyu ne daban, ga kuma ƴan na uku. Ki daidaita su kafin ki fara ƙirga kalmomi, amma ki ajiye asalin rubutun a wani gurbi. Yadda mutane suke rubuta harshensu da hannunsu shi ma abin nazari ne, bai kamata a goge shi ba.

Tambaya: Malam, ina son in fitar da rubutun saƙo da takardun da aka maƙala, amma get_payload yana ba ni jerin abubuwa maimakon rubutu. Daga wani mai karatu a Damagaram.

Amsa: Ɗan'uwa, saƙon zamani kamar ƙwarya ce a cikin ƙwarya. Wanda aka maƙala wa takarda yakan zo da multipart/mixed a waje. A cikinsa akwai multipart/alternative mai ɗauke da rubutu iri biyu, text/plain da text/html, sannan takardar a gefe. Abin da ke raba sassan wata kalma ce da aka ambata a boundary: kowane sashe yana farawa da karan ɗori biyu da kalmar, na rufewa kuma yana da ƙarin biyu a bayanta. Jerin da kake gani sassan ne. Ga hanya:

    jiki = sako.get_body(preferencelist=("plain", "html"))
    rubutu = jiki.get_content() if jiki else ""
    for abu in sako.iter_attachments():
        suna = abu.get_filename()

Wasu saƙonnin HTML kaɗai gare su, wasu ba su da rubutu sam, shi ya sa muka duba jiki kafin mu taɓa shi. Idan charset ɗin da saƙo ya ambata baƙo ne ga Python, get_content zai jefa LookupError. Ka kama shi, ka rubuta Message-ID ɗin saƙon, wato lambar shaidarsa, a gefe, ka ci gaba, kada saƙo ɗaya ya tsayar da dubu.

Sunan takarda kuwa kada ka amince da shi, tunda mai aikowa ne ya zaɓa. Mugu yana iya sa ../../ a gabansa don fayil ya faɗa wata folda ya danne wani abu. Ka tace shi da os.path.basename, ka kuma liƙa masa lambar saƙo, domin scan.pdf ashirin za su danne juna ka tashi da guda. In ka ga PDF mai megabayit 3 ya ci kusan 4 a cikin mbox, aikin Base64 ne, mai mayar da kowane bayit 3 haruffa 4.

Tambaya: Na karanta fayil ɗin Inbox na manhajar imel ta Thunderbird, sai ga saƙonnin da na goge tuntuni. Kuma jera su bisa rana yana kawo TypeError. Daga wani ma'aikacin ofis a Kaduna.

Amsa: Malam, Thunderbird ba ya cire saƙo daga mbox nan take. Alama kawai yake sa masa a layin X-Mozilla-Status, sai ranar da aka matse foldar (Compact) yake fita. Lambar da ke wannan layin ta tsarin goma sha shida ce (hexadecimal), kuma 0008 ita ce tutar gogewa, don haka ka haɗa lambar da 0008 ta lissafin AND (alamar & a Python), in sakamakon ba sifiri ba ne ka tsallake saƙon. Ka rufe Thunderbird kafin ka kwafi fayil ɗin, kada ka ɗauke shi ana tsakiyar rubutu a ciki. Fayil ɗin da ke kusa da shi mai ƙarewa da .msf fihirisa ce, babu saƙo a cikinta.

Batun rana kuma, saƙo daga Najeriya ko Nijar yakan ƙare da +0100, amma wasu suna zuwa da -0000, ma'ana ba a san yankin lokacinsu ba. A irin wannan parsedate_to_datetime yana ba da lokaci marar yanki, kuma Python ba ya kwatanta shi da mai yanki. Ka ɗauki marar yankin a matsayin UTC, wato agogon duniya na bai-ɗaya, ka mayar da sauran duka UTC, sannan ka jera. Ka tuna agogon mai aikowa ne ke cika layin Date, kuma yana iya zama a karkace. Idan ranar ta yi maka bambaraƙwai, ka ɗauko layukan Received da get_all. Kowace sabar da saƙo ya ratsa tana ɗora nata a sama, saboda haka na can sama shi ne na sabar da ta karɓar maka saƙon, kuma lokacin yana bayan waƙafi mai ɗigo (;) na ƙarshe a layin.