Tambaya da Amsa: Tukunyar CO2 ta ƙare cikin kwana goma

Tambaya: Assalamu alaikum. Na ɗaura regileta (na'urar rage ƙarfin iska) a kan tukunyar iskar CO2 mai kilo 2 saboda tsirran tankin kifina mai lita 100, amma ko kwana goma ba ta kai ba ta ƙare. A ina na kuskure?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, zurara iskar ta yi, don tukunya irin wannan watanni take yi. Fara duba bakin tukunyar. Akwai ƙaramin washa da ke zama tsakaninta da regileta, idan ya faɗi ko ya tsage, komai ɗaurinka sai ta yi yoyo. Ka kuma tabbatar zaren bakin tukunyar da na regileta iri ɗaya ne, domin na Amurka CGA 320 ne, na yawancin Turai kuwa W21.8.

Ka tsayar da tukunyar a tsaye, kada ka kwantar da ita, don ruwan CO2 ne a ciki. Sassauta maɓallin regileta, rufe bawul mai allura (wanda ke daidaita yawan iskar da ke fita), ɗaure regileta da sifana, sannan ka buɗe tukunyar a hankali. Geji na farko, mai auna ƙarfin iskar cikin tukunya, zai nuna wajen bar 55 zuwa 60 idan ɗakin ba zafi, da zafi kuwa yakan haura haka. Juya maɓallin har geji na biyu, mai auna ƙarfin iskar da ke fita, ya kai bar 2, wanda ya ishi yawancin fayafayan tangaran masu watsa iska. Yanzu shafa ruwan sabulu a kowace mahaɗa ka zuba ido; inda kumfa ke tasowa, nan matsalar take. Tiyon silikon ma yana tsiyayar da iska, ka nemi na CO2, ka sa bawul mai hana ruwa komawa regileta.

Buɗe bawul mai allura kaɗan, fara da kumfar CO2 ɗaya a daƙiƙa. Taima (agogon kunnawa da kashewa) ta kunna solinoid, wato bawul na lantarki mai buɗe iskar, awa biyu kafin a kunna fitilar tankin, ta kashe awa ɗaya kafin duhu, tunda tsirrai ba sa amfani da CO2 da dare. Idan ruwan gwajin CO2 mai 4 dKH, wanda ake sawa a ƙaramar kwalba cikin tanki, ya koma kore, CO2 na ruwan tankin ya kai wajen 30 ppm, wato daidai yadda ake so. Yakan ɗauki kamar awa biyu kafin ya sauya launi, saboda haka kada ka yi gaggawar ƙarawa. Da ka ga rawaya, ko kifaye sun taso saman ruwa suna haki, kashe iskar nan take ka motsa saman ruwan.

Geji na farko ba ya sauka sosai sai ruwan CO2 na cikin tukunyar ya ƙare. Da allurarsa ta fara faɗuwa ka je a cika, don regileta mai mataki ɗaya tana iya sakin ragowar iskar gaba ɗaya ta kashe kifi.