Tsatsa ta kama mini alkama, in sayi maganin kasuwa?

Tambaya: Ina noman rani a fadamar Ƙonni. Ganyen alkamata ya fito da ɗigo-ɗigo ja kamar ƙasa, in na shafa sai gari ya manne mini a yatsa. Wani mai tebur a kasuwa ya ce maganin da ake fesa wa wake zai yi. In saya?

Amsa: Malam, riƙe kuɗinka tukuna. Wannan garin shi ne tsatsa, kuma ba ƙwaro ba ce, dangin fumfuna ce. Maganin ƙwarin wake ko jarka guda ka zuba ba zai taɓa ta ba. Iska ce ke ɗaukar garin daga gona zuwa gona, raɓar asuba kuma ta ba shi damar kama ganye.

Kafin ka sayi komai, shiga gonar da safe ka duba ganyen ƙarshe, wanda ke ƙarƙashin zangarniya, don shi ne ke ciyar da tsaba. In yana nan kore, ɗigon na ƙasa-ƙasa, tsaba kuma ba ta cika ba, feshi zai biya ka. Nemi maganin fumfuna mai ɗauke da sinadarin propiconazole ko tebuconazole, a kwalbarsa ta asali, da lambar amincewar CSP, kwamitin tantance magungunan feshi na CILSS, ƙungiyar ƙasashen Sahel mai yaƙi da fari. Na gorar ruwa da ake aunawa da murfi, don Allah bar shi. In kuwa tsaba ta riga ta yi tauri, asarar kuɗi ce kawai, jira girbi.

Abin da ya fi damuna shi ne kara. In ka ga ƙuraje dogaye sun fasa jikinsa, tsinko ka kai wa malamin gona a ranar. Tsatsar kara ce ke kwantar da gona. Irinta mai suna Ug99, da aka fara gani a Uganda a 1998, ta karya ire-iren alkama da dama da ake ganin sun gagare ta. Baɗi kuma tambayi mutanen INRAN, cibiyar binciken noma ta Nijar, iri mai juriya, ka shuka da wuri.

Tambaya: Ni hatsi nake yi kusa da Tahoua. Apron Star da nake cuɗa iri da shi yana hana tsatsa?

Amsa: A'a, Alhaji. Yana tsare iri da tsiro a makonnin farko, ita kuwa tsatsar hatsi sai can ƙarshen damina take zuwa ta iska, galibi bayan ya fid da kai. Ci gaba da cuɗawa saboda cututtukan tsiro, amma kada ka sayi feshi dominta sai in ta bayyana kafin hatsin ya fid da kai.